Rigar Zuwa Wata

Ranar Litinin da yamma Auta ta shigo shagon uwarta da sallama ciki-ciki, ta jibge jakar littattafai a kan teburin yanka, daidai kan yadin mutane, ta samu benci ta zauna. Inna Tela ko ɗagowa ba ta yi ba. Shekara talatin da biyar tana taka keke a wannan shago, ta san takun duk wani nata, kuma wannan takun na wanda ya ɗebo ruwan dafa kansa ne. Sai da ta kai ƙarshen kalmasa, ta gatsa zare da haƙori, sannan ta ce a ɗauke mata jaka daga kan yadi, kuma a gaya mata wanda ya mutu.

Ba wanda ya mutu, aiki ne yake shirin mutuwa. Auta malamar kimiyya ce a wata makarantar kuɗi da ke bayan tashar mota, aikin da sai da ta yi shekara huɗu tana yawo da takardu a leda kafin ta same shi. Makon jiya ta koya wa 'yan ajinta darasin wata, har ta ce musu akwai mutanen da suka taɓa sauka a kansa, suka taka shi da ƙafafunsu, suka ɗebo duwatsu suka dawo. Wata yarinya ta kwashi zancen da ɗuminsa, ta tarar da kakanta a ƙofar gida cikin abokansa, ta juye masa. Ya ce ƙarya ce, fim ne aka shirya. Ita kuwa, da yake bakin yaro ba linzami, ta ce ai Malama ta ce masu faɗin haka ba su yi karatu ba ne. Abokai suka kwashe da dariya. To kakan nan shi ne Mai Hoto, shugaban kwamitin iyaye na makarantar, kuma yayan Inna Tela uwa ɗaya uba ɗaya.

Auta ta zaro wata takarda daga jaka ta miƙa. Hedimasta ne ya ba ta, mutumin da ko inuwar iyayen yara ya hango sai ya gyara tsayuwa. Zaɓi biyu ne, zuwa ranar Alhamis da kwamiti zai zauna: ko ta sa hannu cewa ƙarya ta koyar, ta kuma tsaya gaban aji ta warware maganarta, ko ta ajiye alli ta kama gabanta.

Inna Tela ta ji kamar ta ɗauki tef ɗin awo ta tsula mata. Ita ina ruwanta da wata? Ga shi can a sama, bai tare wa kowa hanya ba. A ranta ma ba ta taɓa yarda wani ɗan Adam ya je can ba, abin da ko tsani bai kai ba. Ta ce da Auta ta sa hannu ta huta, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, kawunta ne. Ta tuna mata shekara huɗun nan, da takalman da suka ƙare a hanya, da yadda maƙwabta suka riƙa tambaya ko karatun na ado ne.

Auta ta yarda ta yi kuskure wuri ɗaya, zancen rashin karatu, ta ce suɓutar baki ce kuma tana jin kunyarta. Amma sauran ta kafe.

"Inna, yara arba'in ne," ta ce. "In na tsaya na ce musu abin da na faɗa ƙarya ne, alhali na san gaskiya ne, gobe duk abin da na rubuta a allo sai su jira su ga ko shi ma zan goge. Gara a kore ni."

Taurin kan ubanta ne sak, Allah ya jiƙansa. Inna Tela ta ga lallashi ba zai yi ba, faɗa ma ba zai yi ba, sai ta ƙudurta ta je ta sami Yaya da kanta.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan a wurinta. Tana da shekara tara iyayensu suka rasu, shi ya riƙe ta, shi ya kai ta koyon ɗinki a bayan kekensa, shi ya aurar da ita. Tun daga lokacin in ya ce fari ba ta taɓa cewa baƙi ba, ko a bayan idonsa. Talata da safe ta rufe shago ta nufi nasa shagon, tana tafe tana jera kalaman ban haƙuri a ranta.

Shagon Mai Hoto yana nan yadda ta san shi tun tana budurwa, sai dai ƙura ta ƙaru, masu zuwa sun ragu, tunda yanzu kowa da kyamararsa a aljihu. Labulayen zane suna rataye a bango, ɗaya bayan ɗaya: mai jirgin sama, mai katafaren bene da matakala, mai teku da kwale-kwale. Ga fitilu biyu masu lema a kan ƙafafunsu, ga kujerar roba da dubban mutane suka zauna a kai suka yi murmushin dole. Ta gaishe shi da ladabi, ya amsa yana goge gilashin kyamara, ya ce ya san abin da ya kawo ta.

Bai bar ta ta fara ba. Ya ce shi bai ce a kori kowa ba, Auta 'yarsa ce, hannu kawai za ta sa. Sannan ya jawo wani babban hoto da ya wanke da kansa don ya nuna wa kwamiti, ya shimfiɗa a kan tebur: mutum cikin farar riga mai kumburi, kansa cikin tulun gilashi, yana tsaye a kan toka, bayansa baƙi ƙirin. Ya ɗora yatsa a kan inuwoyi, ya ce ta duba, wannan ta yi nan, waccan ta yi can, alamar fitila fiye da ɗaya ke nan. Ya ce ina taurari? Ya ce shi da hannunsa ya sa mutum ya tsaya a ƙofar jirgin sama, mutumin da ko tashar jirgi bai taɓa gani ba, ya aika wa surukansa hoton suka yi ta murna. Shekara arba'in yana wannan sana'a, ba wanda zai koya masa yadda kyamara ke ƙarya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Daga ƙarshe muryarsa ta sauka, ya ce jikarsa ce fa ta ce masa jahili a gaban abokansa. Nan Inna Tela ta gane inda ciwon yake, ta kuma ji tausayinsa har cikin ƙirjinta.

Sai dai yana ta zancen inuwa, ita idonta ba a kan inuwa yake ba. Kowa da abin da sana'arsa ta koya masa kallo. Tela in ta ga mutum, rigarsa take fara gani. Idonta ya tsaya a gwiwar hannun mutumin, inda rigar ta yi tattara layi-layi, ya gangara zuwa wuyan hannu inda safar hannu ta haɗu da riga, ya koma kafaɗa. Ta ga ɗinki a wuraren da ba ta ga dalilin a wahalar da kai a yi shi ba. Ta yi masa sallama ta fito ba tare da ta samu komai ba, amma rigar nan ta biyo ta har shago.

Dalili kuwa, akwai shekara shida da ta yi tana ɗinka wa wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo kaya, har da masu ɗaukar fim. Ta san yadda ake yin kayan wasa kamar yadda ta san yunwar cikinta. Gaba ake ɗinka wa, baya a kama da fil. Ba shafi, ba kalmasa ta biyu, ado kuwa da gam ake manna shi. Ta taɓa yi wa wani rigar attajiri da tsohon labule, a fim ya fito kamar ya sayi gari, alhali in ya juya baya singiletinsa ake gani. Mai fim ba ya ɓata lokaci a kan abin da ido ba zai gani ba.

Da Auta ta taso daga makaranta, Inna Tela ta ce ta buɗe wayarta ta nuna mata rigar mutanen nan kusa da kusa, ba fuska ba, ba tuta ba, riga. Auta ta dube ta da mamaki, amma ta nemo. Akwai irin rigunan a gidan tarihi, an ɗauke su hoto ciki da waje, har da wani yanki da aka yanka don a ga abin da ke ciki. Inna Tela ta sa tabarau, ta karɓi waya, ta riƙa buɗe hoton da yatsu biyu har sai da zare ya fito ɗaya-ɗaya. Ta ƙirga shimfiɗar yadi ta ɓace, ta sake ƙirgawa. Auta ta karanta mata ta fassara: shimfiɗa wajen ashirin ce, wata a kan wata, kuma mata ne suka ɗinka, teloli irinta, a kan keken ɗinki. Kuskuren da aka yarda su yi bai kai kaurin allura ba. Fil ɗin da suke kama yadi da shi ƙirga musu ake yi, kuma in an gama riga sai a saka ta a injin ɗaukar hoton ƙashi irin na asibiti, don kada a manta fil ɗaya a ciki ya huda ta, iska ta fita, mai riga ya mutu.

Inna Tela ta ce a maimaita mata zancen fil ɗin. Auta ta maimaita. Inna Tela ta cire tabarau. Ita da ta taɓa manta fil a hammatar rigar wani ango, abin da ya faru bai wuce ya yi tsalle ya zage ta ba.

"Ba ni takardar nan ta Hedimasta," ta ce. Auta ta miƙa mata. Ta ninke ta, ta tura ƙarƙashin gwangwanin maɓallai. "Kada ki taɓa ta sai na ce."

Ita ba mai yarda da abu a baki ba ce, sai hannunta ya gwada. Ranar Laraba tun da hantsi ta tura ƙofar shago rabi, ta zazzage buhun ƙyallaye a ƙasa. Ta samo farin yadi mai kauri, da shafi, da ledar ruwa, da guntun tampol, da takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin shayi, ta yanka su siffar hannun riga, ta jera shimfiɗa ashirin. Ta ce bari ta gani, in matan can sun yi, ita ma ba a banza ta tsufa a kan keke ba.

Allura ta farko ko taku biyar ba ta yi ba ta karye. Ta biyu ta lanƙwashe. Ta sassauta ƙafar keke, ta canza zare, ta shafa wa allura sabulu, ta daina takawa ta koma juya tayar keken da hannu, huda ɗaya, huda ɗaya. In ta kama saman, ƙasan ya zame. In ta sa fil ya riƙe, sai ta tuna kowane fil rami ne, ta zare shi tana tsaki. Wata mata ta leƙo neman rigarta da aka yi mata alkawari tun jiya, ta tarar da tela zaune cikin leda da tampol, ta tambaya ko an koma ɗinkin rumfar mota ne. Inna Tela ta ba ta haƙuri ba tare da ta ɗago ba, matar ta tafi tana mita har bakin titi. Da azahar allura ta takwas ta shige mata gefen farce, ta tsotse jinin, ta ɗaure da ƙyalle, ta ci gaba. Bayanta ya riƙe, idonta ya yi ja. Kafin la'asar ta karya allura goma sha ɗaya, kuma abin da ta samu wani murɗaɗɗen hannun riga ne mai nauyi, ɗinkinsa ya karkace kamar hanyar mashayi. Ta zuba masa ruwa a ciki don ta gwada, ya tsiyaye ta wuri uku.

Haushi ya kama ta, irin haushin gwani da aka kayar, amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu kamar murna. Ta ajiye hannun rigar gefe, ta ɗauko farin yadi ƙwaya ɗaya, ta cusa masa auduga, ta yi masa tattara a gwiwa, ta manna masa ƙyalli da gam, ta kama bayansa da fil huɗu. Minti ashirin bai cika ba ta gama. Ta rataye shi a ƙusa ta ja da baya, sai ga shi fes, kamar yanzu aka cire shi daga jikin mutumin cikin hoton.

Tsoro kuwa yana nan, bai je ko'ina ba. Ta san abin da za ta yi gobe, ta kuma san a gaban wa za ta yi shi. Sau biyu ta ɗaga gwangwanin maɓallai ta dubi takardar, tana cewa a ranta sa hannu ɗaya ne fa, kowa ya zauna lafiya. Sau biyun tana mayar da gwangwanin.

Ranar Alhamis bayan an tashi yara, kwamiti ya zauna a ajin Auta, manya bakwai, shida sun takure a kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Mai Hoto yana kan kujerar malami, hotonsa manne a allo. Auta na tsaye gefen taga. Inna Tela ta shigo da jakar leda a hannu, Hedimasta ya taso da sauri yana cewa zaman na kwamitin iyaye ne kawai. Ta ce to madalla, ita ma uwa ce, ga 'yarta can tsaye. Ta wuce shi ta zauna a bencin baya. Yaya ya dube ta ta saman tabarau, da alama ya ɗauka biro ta kawo wa Auta ta sa hannu.

Shi ya fara, ya yi bayanin inuwa da taurari, ya kuma yi shi da kyau, don mutum ne mai baki. Aka ba Auta dama. Abu na farko da ta yi shi ne ta juya wajen kawunta ta ba shi haƙuri a kan zancen rashin karatu, ta ce ba tarbiyyar da aka yi mata ke nan ba. Sannan ta ce inuwa in ta faɗa a kan ƙasa mai tudu da kwari dole ta karkace, taurari kuwa, Kawu da kansa ya san in ya ɗauki mai fararen kaya a cikin haske mai ƙarfi, duk wani ƙaramin haske da ke baya ɓacewa yake yi. Wata nas da ke cikin kwamitin ta gyaɗa kai. Wani mai kemis ya ce shi duk wannan turanci ne, a sa hannu a tashi, ya bar shago ba kowa. Hedimasta ya fara laluben takarda yana tambayar Auta ina tata.

"Tana wurina," in ji Inna Tela.

Ta taso ta je gaban allo. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san inuwa ba, ba ta san taurari ba, tela ce. Ta zaro hannuwan riga biyu daga leda, ta ɗaga ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta ce su dubi hoton allo su faɗa mata wanne ne ya yi kama da na mutumin. Duk suka nuna fari mai ƙyalli, har mai kemis. Sai ta juya musu bayansa. Fil huɗu suka bayyana, auduga ta leƙo, wani ya yi dariya. Ta ce wannan minti ashirin ya ci mata, kuma shekara shida tana yi wa 'yan fim irinsa, ba wanda ya taɓa ganewa. Sannan ta miƙa musu mummunan ya zaga hannu-hannu. Ta gaya musu shimfiɗa nawa ne, da allura nawa ya karya, ta nuna yatsanta mai ƙyalle, ta ce duk da haka ruwa ya bi ta cikinsa. Ta ce rigunan can na gidan tarihi irin wannan ne, sai dai su ba su karkace ba, kuma ita shekara talatin da biyar a kan keke ta kasa. Mai son ya ruɗi kyamara, in ji ta, na farkon zai ɗinka ya tafi gida ya ci abincinsa.

Mai Hoto ya juya mummunan hannun rigar a hannunsa, ya leƙa cikinsa, ya ajiye. Ya ce cikin sanyin murya, ba tare da ya dube ta ba, babban maƙaryaci har ciki yake ɗinkewa.

Nan ne ya kamata ta ce haka ne Yaya, ta koma ta zauna, kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara tara. Ta dubi Auta a gefen taga, ta ga yarinyar ta riƙe alli har ya karye a hannunta.

"Yaya," ta ce, "ni ba zan rantse an je ba. Ban je ba, ban gani ba. Amma zan rantse matar da ta yi ɗinkin nan, aka ƙirga mata fil, ta yi shi ne tana tsoron kada ɗan wata ya mutu a ciki. Wannan na gani, don aikina ne. Kai kuma ka sa an rubuta wa yarinya takarda ta sa hannu cewa ƙarya ce. To ga mutane. Ka rantse da Allah ba a je ba. In ka rantse, ni da kaina zan riƙe mata biro."

Ta zaro takardar daga leda ta ajiye a gabansa.

Duk wanda ya san Mai Hoto ya san abu ɗaya: zai yi gardama da kai daga safe har rana ta faɗi, amma bai taɓa rantsuwa a kan abin da bai tabbatar ba. Ita ta fi kowa sanin haka, shi ya sa ta kama shi ta nan, kuma ta ji zafin abin kamar ita aka kama. Ya dubi takardar, ya dubi hotonsa a allo. Jijiyar gefen kansa ta tashi. Mai kemis ya ce ya rantse mana a wuce wurin, ba wanda ya kula shi.

"Ni ma ban je ba," in ji Mai Hoto daga ƙarshe. "Ban gani ba."

Hedimasta, da ya ga abin na neman ya fi ƙarfinsa, ya ce a kaɗa ƙuri'a. Uku suka ɗaga hannu a kan sai Auta ta sa hannu ko ta tafi, uku suka ce a bar ta ta yi aikinta. Ya rage saura shugaba. Mai Hoto ya ɗauki takardar, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu. Ya ce shi har ya mutu bai yarda an je ba, amma ba zai sa wani ya sa hannu a kan abin da shi ya kasa rantsewa a kai ba. Malama ta koma aji. Ya ɓamɓare hotonsa daga allo, ya naɗe, ya fita.

A bakin ƙofar makaranta ta cim masa. Ta kira shi, ya tsaya, amma bai juyo gaba ɗaya ba. Ta ga yadda ya tsufa.

"Shekara hamsin ban taɓa jin kin mayar mini da magana ba," ya ce. "Sai yau, a gaban bare, kika ɗaure ni da rantsuwa. Kin ci. 'Yarki ta riƙe aikinta. Amma ƙafarki kada ta sake taka gidana."

"To, Yaya," ta ce.

Ya tafi. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwanar tasha, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba. Ta laluba cikin ranta ko za ta sami wurin da take nadama, don in akwai ta bi shi yanzu ta janye. Ta sami baƙin ciki mai yawa, nadama kuwa babu.

Auta ta iso da ledar hannuwan riga, ta ji abin da aka ce, ta yunƙura za ta bi kawunta da gudu. Inna Tela ta damƙe wuyan hannunta da yatsan nan mai ciwo. Ta ce ta bar shi, wannan tsakaninta da yayanta ne, ba na yara ba ne. Sannan ta tambaye ta ƙarfe nawa ne darasinta na gobe.

"Takwas, Inna."

"To ki je da wuri. Ki faɗa musu yadda kika faɗa da farko, kada ki rage ko kalma ɗaya. Yayana na bayar a kan maganar nan."